Abaya, lalle da gadon amarya a Second Life: yaushe kaya ke zama "na manya"?

Wata 'yar'uwa ta aiko da wannan tambaya daga Birnin Kebbi:

"Assalamu alaikum Yaya. Ni tela ce, a gida nake ɗinki. Shekara ɗaya ke nan ina koyon ƙera tufafi a kwamfuta da Blender, kwanan nan kuma na buɗe shago a kasuwar Second Life. Na sa abaya uku, da zanen lalle, da takobin ado, da gadon amarya. Da na nemi kayan sai na ga lallen da gadon ba sa fitowa, ashe sun koma sashen manya. Ni ban taɓa sayar da batsa ba, to ina laifina? Sannan wani ya turo min saƙo wai zai ba ni dala 60 in ƙara wa gadon motsin ma'aurata, ya ce a can doka ta halatta. Gaskiya ne?"

Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya yi wa sana'a albarka. Ki kwantar da hankalinki, babu wanda ya zarge ki da batsa. Abin da ya samu kayanki yana samun sababbin 'yan kasuwa da yawa a can, har da waɗanda kujera da tebur kawai suke ƙerawa. Masu kasuwar ba su san ki ba. Ba su san cewa a wurinmu gadon amarya kayan ɗaki ne da uwa ke fara adashe dominsa tun 'yarta tana firamare ba. Abu uku suke dubawa: me kayan ke yi idan an taɓa shi, da wane hoto da waɗanne kalmomi aka tallata shi, kuma a wace unguwa aka baje shi. Ko ɗaya cikin ukun ya karkata, sai ya ja sauran.

Saboda masu karatun da ba su taɓa leƙa wurin ba: Second Life wata duniya ce ta cikin kwamfuta da kamfanin Linden Lab na Amurka ya buɗe a 2003. Kowa yana shiga da mutum-mutumin da ke wakiltarsa, wanda ake kira afata, ya yi masa sutura, ya kama fili, ya gina gida, ya je kasuwa. Kusan duk abin da ke ciki mazauna wurin ne suka ƙera, kuma suna sayar wa juna da kuɗin wurin, dalar Linden, wadda ta daɗe tana yawo a wajen 250 kan dalar Amurka ɗaya. Ana iya canja ta a fitar da kuɗi na gaske. Shi ya sa tela a unguwar Badariya ta Birnin Kebbi za ta iya ɗinka wa wata baiwar Allah a Jamus abaya ba tare da ta sayi ko yadi ɗaya ba.

Sun raba komai hawa uku, kuma za ki ga harafin kowane hawa a saman allonki. G na kowa da kowa ne. M matsakaici ne, a nan ne shaguna, gidajen rawa, bakin teku da wuraren baje zane suka fi yawa. A kuma shi ne na manya, wato 'yan shekara 18 zuwa sama. Ba manya irin na "ranka ya daɗe" ba. Da can hawa biyu ne kawai. A 2009 aka ƙirƙiro na ukun, aka ware wata nahiya guda mai suna Zindra aka ce duk mai irin wannan harka a filayen kamfanin ya kwashe ya koma can. Bayan an rufe sashen matasa aka kuma bar 'yan shekara 16 da 17 su shigo babbar duniyar, amma a unguwannin G kaɗai. Wannan ne ya sa suke tsaurara wa G: akwai yara a ciki.

Mutanenmu suna jin "na manya" sai hankalinsu ya tafi kan abu ɗaya. A ƙa'idar Second Life kuwa abu uku ne ke kai kaya hawan A: sha'anin jima'i a fili, da mummunan tashin hankali irin su kisa, azabtarwa da yanke gaɓoɓi, da nuna shan haramtattun ƙwayoyi. Tsiraicin da ya yi kama da hoto na gaske shi ma yana ciki. Ki riƙe wannan, za mu dawo kansa idan muka zo kan takobinki.

Mu fara da gadon, domin a nan ne aikin yake. A can gado ba katako da katifa ba ne kawai. Idan afata ya hau, wani ɗan akwati mai maɓallai yana fitowa a gefen allo: zama, kishingiɗa, barci, karatu, da sauransu. Kowane maɓalli wani motsi ne da aka dasa a cikin gadon. Ke kin ƙera gadon a Blender, amma ina kyautata zaton ba ke kika ƙera motsin ba. Kusan kowa sayen su yake a dunƙule daga masu wannan sana'ar, ya zuba a cikin kayansa. To waɗannan dunƙulallun fakitin sukan zo a gauraye. Za ki sayi fakitin "barci da hutawa" mai motsi arba'in, ki gwada goman farko ki ga lafiya lau, ki zuba duka. Can cikin maɓalli na uku akwai wani ƙaramin maɓalli da ke buɗe wasu takwas, na mutum biyu, waɗanda ba ki taɓa dannawa ba saboda ke kaɗai kike gwaji. Ƙa'idarsu a nan ba ta da kwana: gadon da ke ɗauke da motsin jima'i ba a ajiye shi, ba a kuma sayar da shi a unguwar G. Ba ruwansu da cewa ba ki sani ba.

Saboda haka ki zauna da daddare lokacin da netwok ya fi sauƙi, ki buɗe asusu na biyu ko ki roƙi wata ƙawa ta shigo, ku hau gadon tare, ku danna kowane maɓalli ɗaya bayan ɗaya har ƙasa. Ki kuma buɗe cikin gadon ki karanta sunayen abubuwan da ke ciki, domin wani lokacin motsin yana nan a kwance ko da an cire maɓallinsa. Duk wanda ba za ki iya dannawa a gaban Inna ba, ki goge shi daga ciki gaba ɗaya. Za ki lura manyan masu sayar da kayan ɗaki a can sukan fitar da gado iri biyu, sura ɗaya, ɗaya fes ɗaya na manya, kowanne da tallarsa da farashinsa. Ke na farkon kawai kike buƙata, kuma ki faɗa a fili cikin bayanin kayan cewa motsin zama da barci ne kaɗai a ciki, ki ƙirga su.

Idan kuwa kin duba kin ga gadon babu komai, to kalmomi ne suka kai shi. Kasuwar tana da matata, wato manhajar tace kalmomi, mai aiki da kanta: tana karanta sunan kaya, bayaninsa da kalmomin neman da kika rubuta, idan ta ci karo da wata kalma daga jerin da aka ba ta sai ta ɗaga hawan kayan ba tare da wani mutum ya duba ba. Matata ba ta da hankali, haruffa take gani. Tun 1996 ake wannan dariyar, lokacin da kamfanin AOL ya hana mutanen garin Scunthorpe na Ingila rajista saboda akwai ashar a ɓoye a tsakiyar sunan garinsu. Ni ma na taɓa faɗawa, a wata kasuwar daban: na ɗinka mayafi kala shida, ɗaya ruwan ƙasa mai haske, sai na rubuta sunan da masu kayan kwalliya ke kiran wannan kala da Turanci. Ashe kalmar ita ce dai ta tsirara. Mako biyu ina mamakin yadda biyar ke tafiya ɗaya na zaune, har sai da na karanta tallar da idon baƙo. Na canja sunan kalar zuwa ta yashi, washegari ya dawo layi. Laifina ne, ba na kowa ba.

Ke ma ki karanta taki haka. Idan kin nemi manhajar fassara ta mayar miki da "daren farko" ko "ɗakin amarya da ango" zuwa Turanci, akwai yiwuwar ta ba ki kalmomin da masu wancan kasuwancin suke amfani da su. Wani kuskuren kuma shi ne kwafo kalmomin nema daga tallar wani gadon da kika ga yana ciniki, ba tare da sanin wane irin gado ba ne. Banda ɗaga miki hawa, cusa kalmomin da ba su shafi kayanki ba laifi ne mai zaman kansa a ƙa'idar kasuwar. Kuma don Allah kada ki sa wa shagon suna "Kayan Mata", ko da kuwa tufafin mata zalla kike sayarwa. Matatar ba ta jin Hausa, amma 'yan Najeriya da ke wurin suna ji, kuma kin san abin da ake zuwa nema ƙasar Sakkwato da Zamfara da wannan sunan.

Lallen kuma kusan na tabbata hoto ne ya ja masa. Zanen lalle a can wani shafi ne da ake ɗorawa a kan fatar afata, kamar yadda ake ɗora jarfa. Mai koyo yakan cire wa afatan kaya duka domin ya ga ko zanen ya zauna daidai, ya ɗauki hoton a haka, tsaye, daga kai har ƙafa, ya ɗora a talla. A idonsa 'yar tsana ce. A idon kasuwar kuwa mace ce ba sutura, domin jikin afata na yanzu an ƙera shi da kamanni sosai, ba irin na 2007 ba mai kama da itace. Shi ya sa za ki ga hatta masu sayar da fatar afata, waɗanda dole su nuna jiki, suna rufe ƙirji da mara a hotunansu.

Ke ba ki ma da wannan larurar. Ki tuna yadda masu lallen biki ke ɗaukar hoton aikinsu a gida: hannu biyu a jere a kan leshi ko darduma, daga yatsu zuwa gwiwar hannu, da zobe ɗaya da warwaro, ƙafa daga tafin zuwa idon sawu, zani ya rufe sauran. Haka za ki yi. Ki sa wa afatan ɗaya daga cikin abayoyinki, ki naɗe hannun rigar, ki matso da kyamara har furen da ke bayan hannu ya cika hoton. Hakan ma ya fi sayar da kaya, domin mai saye zanen yake son gani, a hoton tsaye kuwa zanen bai fi ƙwayar gero ba. Kuma ki duba duk hotunan tallar, ba na farko kaɗai ba. Na huɗu ko na biyar da kika manta da shi ma ana ƙirga shi.

Abayoyin ba su da matsala, sai abu ɗaya: idan yadin mai shara-shara ne, ki tabbata akwai riga a ciki lokacin ɗaukar hoto. Kwamfuta takan nuna shara-shara fiye da yadda ido ke gani a zahiri.

Takobin ado, irin wanda ake ratayawa ranar hawan Sallah, yana nan a G lafiya. Abin da zai ɗaga shi shi ne idan kin dasa masa sara da fitar jini, ko kika yi hoton tallar da gawa a ƙasa. A kan wannan ina da jan kunne ga samarinmu, musamman na wajenmu Gusau. Wani yakan zo min da shawarar ƙera daji da babura da bindigogi, wai ya nuna wa duniya halin da ake ciki. Na fahimci zafin da ke ransa, amma wurin da ake nuna kisa da azabtarwa hawan A ne kai tsaye, zai zauna layi ɗaya da masu sayar da abin da shi kansa yake ƙyama. Ko ragon layya, idan za ki yi don cinikin Babbar Sallah, ki bar shi a ɗaure a turke yana tuƙa. Yanka da kwararar jini a wurinmu ibada ce da yara ke kallo a tsakar gida, amma wanda zai duba ƙorafin da aka kai kanki bai taso a tsakar gidan ba.

Sai batun wuri. Bayan shagon da ke shafin kasuwa, wata rana za ki so kama rumfa a cikin duniyar kanta, inda mutane za su shigo su zagaya. Harafin hawa na unguwa ne gaba ɗaya, ba na rumfa ba. Kowace unguwa fili ne mai mita 256 tsawo da faɗi, kuma harafi ɗaya gare ta. Ba za ki kama rumfa a unguwar A ki ce taki ta G ce ba, kamar yadda ba za ki kai kayan A unguwar G ki ce ai a bayan labule suke ba. A unguwar M, abin da mutum ya yi a cikin gidansa ba tare da talla ba ana ɗaga masa ƙafa. Da zarar ya tallata ko ya buɗe wa jama'a, ya zama na A. Gare ki abin lura shi ne maƙwabta. M ta fi G mutane da ciniki, amma za ki iya kama rumfa yau, gobe mai kayan ciki na mata ya kama ta kusa da ke ya kafa allo mai tsawon bene. Bai karya doka ba, amma duk hoton da mai saye ya ɗauka a shagonki da allonsa a ciki. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Ki zagaya wurin sau biyu ko uku, a lokuta daban-daban, kafin ki biya haya.

Akwai wani layi da ba ya cikin hawa ukun nan sam, kuma a kansa nake son ki fi buɗe kunne, domin tela ce ke, kuma na san ba za a daɗe ba za ki fara tunanin kayan Sallah na yara. A can akwai manya da ke amfani da afata mai siffar yaro, suna wasan iyali ko makaranta, kuma ɗinka musu kaya halal ne a ƙa'ida. Amma haɗa siffar yaro da duk wani abu na sha'awa haramun ne a kowane hawa, har a A, ko da kuwa mai riƙe da afatan ɗan shekara hamsin ne. Tun 2007 suka tsananta wannan, shekarar da wani shirin talabijin na Jamus ya bankaɗo irin wannan ɓarna a ciki. A Mayun 2024 suka ƙara ɗaure igiyar: afata mai siffar yaro ba ya shiga unguwar A, kuma jikin da ake ƙera masa dole ya zo da suturar ciki da ba ta ciruwa. Hukuncin wannan ba sauke talla ba ne, rufe asusu ne. Dokar Najeriya ma haka take kallonsa: sashe na 23 na dokar laifukan intanet ta 2015 bai tsaya kan hoton yaro na gaske ba, ya haɗa da wanda ya yi kama da yaro da kuma hoton da aka ƙirƙira ya fito kamar gaske, kuma ƙera irinsa ko yaɗa shi na iya kai mutum ɗaurin shekara 10.

Inda wannan zai iya taɓa ki ba da saninki ba shi ne hoton amarya. Idan za ki zaunar da afata a bakin gadon nan da lulluɓi domin talla, ki tabbata siffarta ta cikakkiyar mace ce, a tsawo da fuska. 'Yar gajeruwa mai manyan idanu da kumatu, a kan gadon aure, mai dubawa ba zai tsaya tambayar al'ada ba. Ni da zan ba ki shawara, ki ɗauki gadon shi kaɗai, da shimfiɗarsa da filalla da jeren kwanuka a gefe. Kuma kayan yara, in kin fara, ki ware musu shago daban da na kayan ɗaki.

Idan wata rana kin faɗaɗa zuwa wasu duniyoyin, kada ki tafi da ma'aunin Second Life a ka. IMVU, wadda ta fara a 2004, tana da nata: akwai kayan kowa da kowa, akwai na masu lasisin manya, akwai kuma waɗanda ba a yarda da su ba ko da lasisin. Suna da wani zane da ke nuna iyakar inda sutura dole ta rufe a jikin afata, ana ɗora kayanki a kai, idan wurin da aka shata ya leƙo ko kaɗan kayan ya bar hawan kowa da kowa. Kuma a can yawanci a kan aikin wani ake gina kaya, don haka idan tushen da kika ɗora naki a kai na manya ne, naki ma ya gada. Roblox kuwa gidan yara ne tun asali. A 2023 sun buɗe sashen 'yan shekara 17 zuwa sama ga wanda ya nuna katin shaida, amma ko a can sha'anin jima'i haramun ne. Babu wani hawa da za a ce an ajiye shi. Duk da haka Turkiyya ta toshe Roblox a Agustan 2024 kan batun kare yara. Abayarki za ta shiga duka ukun, gadon ne kowanne zai yi wa tambaya daban.

Yanzu mai dala 60. Rabin maganarsa gaskiya ce: a ƙa'idar Second Life, baligi zai iya ƙera irin wannan gado ya sayar a hawan A, ba wanda zai kore shi. Amma abin da yake kira doka ba doka ba ce, sharaɗin kamfani ne, kamar yadda shugabannin kasuwar Jega za su ce masu kaza su zauna layi kaza. Sharaɗin kamfani yana gaya miki inda za a ajiye kaya ne. Bai wanke ki a gaban hukumar ƙasar da kike zaune ba. Ke kuwa a Kebbi kike, kwamfutarki a Kebbi take. Sashe na 24 na waccan dokar ta 2015, ko bayan gyaran da aka yi mata a 2024, yana nan da laifin aika abin batsa ta kwamfuta, da tarar da za ta iya kai naira miliyan 7, ko ɗaurin da zai iya kai shekara 3, ko duka biyu. Ga kuma dokokin shari'ar Musulunci da Zamfara ta fara aiki da su a Janairun 2000, Kebbi ta bi sahu ba da jimawa ba, ga Hisba. Ta fuskar addini kuwa ba ki buƙatar ni. Yadda kika rubuta tambayar ya nuna kin riga kin san amsar.

Kada kuma ki ɗauka sunan bogi na afata zai rufa miki asiri. Ranar da za ki fitar da kuɗinki, sai kin bi ta kamfanin biyan kuɗin da ke riƙe da wannan ɓangaren, kuma sai kin ba da sunanki na gaskiya da takardar shaida ta gwamnati. Banda haka, duk abin da kika ƙera a can yana ɗauke da sunan maƙerinsa a jikinsa. Kowa ya danna zai gani, ko kayan ya wuce hannu goma. Gado ɗaya da kika yi wa mutum ɗaya a ɓoye zai iya zama a wani gidan da ba ki taɓa shiga ba, shekara biyar, da sunan shagon abayarki a manne. Kifi na ganinka, mai jar koma.

Ko ta fuskar kasuwanci zalla, wannan layin ƙasa ce mai zaftarewa, domin masu iko da shi na gaskiya su ne kamfanonin katin banki. A 2021 Mastercard ta fito da tsauraran sharuɗɗa ga shafukan da ke sayar da kayan manya. A Maris 2024 Gumroad, shafin da masu ƙera afata na VRChat (wata duniyar kwamfuta irin Second Life) da yawa ke baje kaya, ta hana irin waɗannan kaya saboda matsin masu sarrafa biyan kuɗi. A Yulin 2025 Steam da itch.io, shafukan sayar da wasannin kwamfuta, suka sauke ko suka ɓoye wasanni masu yawa kan dalili ɗaya, a watan da Birtaniya ta fara tilasta tantance shekaru a shafukan batsa. Second Life kanta ta taɓa rufe sana'o'i sukutum: caca a 2007, sayar da kaya ta hanyar canki-canki a 2021. Wanda ya gina shagonsa kan abin da bankuna ke ƙyama, kullum da kayansa a ɗaure yake kwana. Mu da fitar da dala zuwa naira ma sai da dabara, PayPal ta shigo Najeriya a 2014 ta yi shekaru ana iya aikawa ba a iya karɓa, ba mu da asusun da za mu yi wasa da shi.

Ki kuma yi lissafin da kanki. Abaya a dalar Linden 250 kusan dala ɗaya ce, kasuwar ta cire kashi 10 cikin 100, saura 225, kafin kuɗin canji da na fitarwa. Dala 60 ɗinsa kusan abaya saba'in ke nan, na yarda ba kaɗan ba ne ga mai farawa. Sai dai abaya sau ɗaya ake ƙera ta, ta yi ta sayuwa kina barci, kuma masu neman sutura mai rufe jiki da aka ɗinka da sanin yadda ake sa ta ba su da zaɓi da yawa a can. Wanda bai taɓa ganin yadda gyale ke zama a kafaɗa ko yadda ake ɗaura ɗankwali ba, ba zai kama ki a wannan ba. Ki ba shi amsa a gajarce cewa ba kya irin wannan aikin, kada ki tsaya ciniki ko bayani, in ya nace ki toshe shi.

Zai iya sayen gadon fes ɗin ya zuba nasa motsin da kansa, wannan ya danganta da izinin da kika bari. Kowane kaya yana da izini uku da maƙeri ke kunnawa ko kashewa: kwafa, gyarawa, da miƙa wa wani. Idan kin bar izinin gyarawa, mai saye zai iya buɗe gadon ya ƙara abin da ya so. Alhakin abin da ya ƙara da inda ya ajiye shi a kansa yake, amma sunanki na maƙeri yana nan. Idan kin kashe, kin toshe wannan ƙofar, sai dai masu sayen kayan ɗaki da yawa ba sa son abin da ba za su iya rage wa girma ko canja wa kala ba. Ni a gado nakan kashe izinin, in dasa maɓallin canja kalar shimfiɗa da na girma a ciki don kada mai saye ya ji an ɗaure shi. A kujera, tabarma da tufafi nakan bar shi a buɗe. Inda mai abayarki za ta je da ita kuwa ba ya hannunki, kamar dai wadda kika ɗinka wa a gida ta karɓa ta fita.

Idan kin gama gyaran, ki gyara tallar da ke nan, ki mayar da hawanta G. Kada ki goge ta ki sake ɗora sabuwa da kaya iri ɗaya don ki kauce wa hukuncin, suna ɗaukar hakan a matsayin wayo. In kin mayar ta sake hawa da kanta, akwai sauran kalma. Ki riƙa cire layi ɗaya-ɗaya kina ajiyewa har ki gano wace ce. In ta ƙi duk da haka, ki rubuta wa sashen taimakonsu da lambar tallar da bayani gajere. Daga nan ki sa ƙawar nan taki ta buɗe kasuwar a nata asusun, ta tsayar da ma'aunin nema a kan G kaɗai, ta nemi lallen da gadon, ta turo miki hoton abin da ta gani.